Ƙaramar Bindigar Baba Kofur

Na daɗe ina jan ƙafa kan rubuta wannan labari, domin magana ce ta cikin gida, kuma magana ce ta bindiga, abu biyu ke nan da Bahaushe ba ya son kaiwa kasuwa. Amma tunda lamarin ya wuce lafiya, kuma Gwaggona da Baffana sun yarje mini, na ga gara in faɗa. Na tabbata ba gidanmu kaɗai ne ke da irin akwatin da muka buɗe ba.

Mahaifinmu ya rasu a farkon watan Janairun 2025 a nan Inugu, Allah Ya jiƙansa. Bayan sadakar arba'in aka taru don a buɗe ɗakinsa a ƙidaya abin da ya bari. Baffa ya zo daga Anacha, Auta ƙanena ya zo daga Fatakwal, Gwaggo kuwa dama tana tare da mu. A ƙarƙashin gado muka jawo wani baƙin akwatin ƙarfe da duk mun san shi tun muna yara, amma ba wanda ya taɓa ganin cikinsa. Akwatin kakanmu ne, wanda unguwa ke kira Baba Kofur. Ya rasu a 1979 ina ɗan shekara shida. Abin da nake iya tunawa da shi kawai shi ne dogon tsoho mai tsage a kumatu, wanda ko zuwa masallaci zai yi sai ka ce fareti yake.

Da aka ɓalle kwaɗon, sai muka tarar da Alƙur'ani rubutun hannu cikin gafaka, da wata jar dara da asu ya ci gefenta, da lambobin yabo uku na soja, da takardar sallamarsa daga aiki wadda ta yi laushi kamar tsumma. A can ƙasa kuma akwai wani ƙunshi da aka naɗe da yadi mai maiƙo, aka ɗaure da igiyar rama. Auta ne ya kwance. Ɗakin ya yi tsit. Bindiga ce 'yar ƙarama, tsawonta bai wuce tafin hannuna da yatsu ba, ƙotarta ta katako, ƙarfenta ya dushe amma bai yi tsatsa ba. Babu harsashi ko ɗaya, a cikinta ko a cikin akwatin. A jikinta an buga rubutun Jamusanci, kuma kalma biyu na iya karantawa: Mauser da Oberndorf.

Gwaggo ba ta ko ɗaga kai ba. Cewa ta yi, "Au, ashe har yanzu tana nan."

Labarin yadda ta shigo gidanmu kashi biyu ne, kowa da wanda ya ji. Abin da aka haɗu a kai shi ne, Kaka ya bar ƙauyensu a ƙasar Katsina yana saurayi ya shiga sojan Turawa, aka kai su yaƙin Kamaru da Jamus a 1914. Wannan yaƙi ba tatsuniya ba ne. A watan Agustan shekarar sojojin Najeriya suka tsallaka iyaka ta wajen Mora da Garwa da Nsanakang, kuma a karon farko sun sha kashi. Sai a ranar 10 ga Yunin 1915 Jamusawan da ke Garwa suka miƙa wuya, waɗanda suka maƙale a kan dutsen Mora kuwa ba su sauko ba sai Fabrairun 1916. Abin mamaki, a ɓangarorin biyu duk ana jin Hausa, domin Jamus ma 'ya'yan talakawan ƙasashen nan ta ɗiba. Shahararren samanjan nan Chari Maigumeri, wanda barikin soja na Lakwaja ke ɗauke da sunansa, da sojan Jamus ya fara, aka kama shi, sannan ya koma wajen Ingilishi.

Gwaggo ta ce a Garwa Kaka ya sami bindigar, ranar da aka kwance wa hafsoshin Jamus ɗamara, ya cusa ta cikin kayansa ba wanda ya gani. Baffa ya ce a'a, wani kyaftin Bature ne da Kaka ya goya a bayansa bayan an harbe shi a cinya, shi ya ba shi ita tukwici. Na lura kowa ya riƙe labarin da ya dace da irin uban da yake son tunawa. Ko ma dai wanne ne, bayan an sallame shi Kaka ya biyo hanyar jirgin ƙasa ya sauka Inugu, lokacin garin na tasowa da kwal, ya kama sana'ar shanu da nama. A gabansa aka yi zamanin Malam Umaru Altine, mutumin Sakkwato da ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Duk tsawon wannan lokaci bindigar na kwance a ƙasan akwati.

Ni malamin makaranta ne, kuma ciwon malami shi ne in ya ga rubutu sai ya bi salsalarsa. Kwana da kwanaki na yi ina karatu a waya bayan sallar isha'i. A nan na gane cewa abin da muka tsinta yana da duniyarsa sukutum. Bindigarmu ƙirar 1910 ce ta kamfanin Mauser da ke garin Oberndorf a Jamus, mai cin ƙaramin harsashi na milimita 6.35. Ba gwamnati ce ke raba irinta ga kurata ba. A wancan zamani hafsoshin Turai da yawa da kuɗinsu suke sayen ƙaramar bindigarsu, kamar yadda suke ɗinka kakinsu, shi ya sa kamfanoni suka yi ta gasar ƙera wadda za ta shige aljihun kwat ba ta yi tudu ba. Wani Ba'amurke mai suna John Browning shi ne ya buɗe wannan kasuwa. Shi ya ƙirƙiro harsasan nan biyu, na 7.65 da na 6.35, kamfanin FN na garin Herstal a Beljiyam ya riƙa ƙera bindigoginsa, kamfanin Colt kuma na yi a Amurka. Da yaƙi ya yi zafi a 1915, Faransa ta rasa isassun ƙananan bindigogi, sai ta ba maƙeran garin Eibar na ƙasar Sifen kwangilar wata mai suna Ruby. Maƙeran sun yi yawa, kowa da awonsa, har ya zama gidan harsashin wannan ba lallai ya shiga bindigar wancan ba, dole aka riƙa buga haruffan maƙeri a jiki don kada soja ya rikice.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan: yaƙin da ya kwashi kakana daga ƙasar Katsina ya kai shi Garwa, da irin wannan 'yar bindigar aljihu aka kunna shi. Ranar 28 ga Yunin 1914, a birnin Sarayebo, wani saurayi mai suna Gavrilo Princip ya harbe yarima mai jiran gadon Ostiriya da matarsa da bindigar FN ƙirar 1910. Abin da bai kai girman takalmin yaro ba, sai ga shi ya jawo mutuwar miliyoyin mutane, har da 'ya'yan Hausawa da ba su taɓa jin sunan garin ba.

A Amurka da Turai akwai mutanen da aikinsu ke nan, tara irin waɗannan bindigogi, kamar yadda wani ke kiwon tantabaru ko tara tsofaffin kuɗi. Suna da ƙungiyoyi da littattafai da kasuwar gwanjo. Mai tarawa yakan duba ko lambar da ke jikin bindiga ta yi daidai da ta sauran sassanta, ko launin ƙarfen na asali ne ba a sake shafe shi ba, ko akwai hatimin gwaji na gwamnati, ko da gidanta na fata. In har aka samu takardar da ke nuna wanda ya riƙe ta da inda ta je, to kuɗinta ya ƙaru. A Amurka har lasisi na musamman ake bai wa masu tara bindigogin da suka haura shekara 50. Ba zan ɓoye muku ba, 'yan'uwa, sha'awar abin ta kama ni. Sau biyu ina kulle ƙofa cikin dare in kwance ƙunshin in zauna ina kallonta. Ƙira ce mai kyau, komai ya zauna daram, babu ko ƙusa ɗaya da aka sa a banza. Na fahimci masu tarawar sarai. Har na fara raya wa kaina ɗan akwatin gilashi a falo, da jar darar a gefe, da lambobin a jere.

Nan fa aka rabu gida uku. Ni ina son a ajiye don tarihi. Auta, wanda ke harkar kayan gwari tsakanin Arewa da Fatakwal, ya ce wani abokin cinikinsa ya san mai saye, kuma an ce masa za ta yi ɗaruruwan daloli.

"Yaya," in ji shi, "ga marayu a gidan nan, ga kuɗin makaranta. Ƙarfe ne fa kawai. Ka ba ni in saka ta cikin buhun albasa, jibi war haka tana Fatakwal."

Baffa kuwa ko kusa. Shi so yake a kai ta Anacha a nemo mata harsashi. Kuma ba zan ga laifinsa ba, don na san abin da ya gani. A watan Fabrairun 2006, bayan rikicin da aka yi a Maiduguri inda aka kashe Kiristoci da dama, ramuwar gayya ta faɗo kan mutanenmu a Anacha. Baffa ya tsira da rigar jikinsa kaɗai, ya tsallaka gadar Neja da ƙafa zuwa Asaba, rumfarsa ta ƙone, yaron shagonsa kuma har yau ba a ga gawarsa ba. Mutumin da ya ga wannan in ya ce yana son abin kare kai a ƙarƙashin matashinsa, ba ka ce masa ba shi da hankali.

"Ubanmu bai ajiye ta don ado ba," in ji Baffa. "Ku yaran yanzu ba ku san dare ba."

Da na ga maganar na neman raba zumunci, sai na ce a dakata har bayan salla, na maida ƙunshin cikin akwati na riƙe mabuɗin. A tsakanin nan na je wurin wani lauya, tsohon ɗalibina. Na fara da cewa wai wani abokina ne ya tsinci abu kaza. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ku gaya wa abokin naku ya zauna da kyau ya ji." Ya buɗe mini dokar bindigogi ta 1959, wadda har yau ita ke aiki. Dokar ta kasa bindigogi kashi uku. Akwai irin su bindigar toka ta maharba, akwai na farauta irin mai baki biyu waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu, sannan akwai haramtattu, waɗanda ba mai ba da izinin riƙe su sai Shugaban Ƙasa. Ƙananan bindigogin hannu, libarba da fistol, suna cikin kashi na ukun nan, layi ɗaya da bindiga mai sarrafa kanta da gurneti. Na ce ai wannan ta haura shekara ɗari, kuma ba harsashi. Ya ce dokar ba ta san tsufa ba, har fistol irin ta da mai ƙanƙara an ambata a ciki. Hukuncin wanda aka kama da ita kuwa ɗauri ne da bai gaza shekara 10 ba. Sayarwa laifi ne, ɗauka daga gari zuwa gari laifi ne, ajiyewa a akwatin gilashi a falo ma laifi ne.

Ya ƙara da cewa ko a Birtaniya, ƙasar da ta ba Kaka kaki, tun 1997 aka hana mutane riƙe ƙananan bindigogi, bayan wani ya shiga makarantar firamare a garin Dunblane a 1996 ya kashe yara 16 da malamarsu. Masu tara na tarihi a can sai da sharuɗɗa masu tsauri. Na fito ofishinsa jikina a sanyaye. Akwatin gilashina ya fashe tun ban saya ba.

Auta bai haƙura ba. Kullum sai ya bugo waya, yana cewa in ya zo salla zai wuce da ita, ai shingen hanya duk sun san motarsu. Ana cikin haka, a ƙarshen watan Maris, kwanaki kaɗan kafin ƙaramar salla, labarin Uromi ya iso. Duk kun ji shi, ba sai na tayar muku da mikin ba. Mafarauta 'yan Arewa sun taso daga jihar Ribas za su gida Kano yin salla, aka tare motarsu a Uromi ta jihar Edo, aka ga bindigogin toka na sana'arsu, aka yi musu ihun masu satar mutane. Mutum 16 aka kashe. Ba a kai su gaban alƙali ba, ba a tsaya tambayar takarda ba.

A daren nan Auta ya kira ni. Mun daɗe ba wanda ya ce komai. Can ya ce, "Yaya, da a buhun albasata aka ga abin nan fa?" Na ce, "Da ba kai kaɗai ba, da direba, da yaran mota, da duk wani mai kayan gwari da zai bi hanyar a makon." Bai sake tayar da maganar daloli ba.

Gaskiyar da ya kamata mu faɗa wa kanmu ke nan. Bature a ƙasarsa in an ga tsohuwar bindiga a gidansa, sai a ce mai son tarihi ne. Ni da kai, a Ogui ko Fegge ko Diobu, in aka ga irinta a ɗakinmu, kafin la'asar hoton ya zaga Facebook da WhatsApp da rubutu a ƙasa cewa an kama Bahaushe da makami. Ba wanda zai tsaya karanta Oberndorf. Ba wanda zai tambayi shekarar ƙira. Kuma ba mai ɗakin kaɗai zai biya ba, mai shayi da mai gyaran takalmi da mai tura baro da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, su za a fara tarewa a titi.

Saura Baffa. Washegarin salla muka zauna a tsakar gida, aka shimfiɗa tabarma. Baffa ya maimaita maganarsa, har ya ce abin da ya faru a Uromi ma hujjarsa ce, mutum ba shi da gata sai abin da ke hannunsa. Gwaggo, wadda tun ranar buɗe akwati ba ta sa baki ba, ta ajiye carbinta.

"Kai," ta ce masa, "shekararka nawa a 66?"

"Sha takwas, Yaya."

"To ni ina da jego a gidan nan, ina ɗakin Inna, na ji abin da kai ba ka ji ba."

Sai ta ba mu labarin. A 1966, bayan kashe-kashen da aka yi wa Inyamurai a garuruwan Arewa, jiragen ƙasa suka riƙa isowa Inugu cike da masu rauni da gawarwaki. Gari ya ɗauki zafi, kuma wanda ya ga abin da aka sauke a tasha ya san dalili. Gwamnatin Ojukwu ta ce duk wanda ba ɗan Gabas ba ya tafi, ba za ta iya lamunce tsaronsa ba. Kafin a samu jirgi, kwana uku iyalinmu suka yi a ɓoye a gidan maƙwabcinmu, wani kafinta mutumin ƙasar Udi, wanda shi kansa yana jiran labarin ƙaninsa da ke Kano. Matasa sun zo ƙofarsa har sau biyu, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ba kowa ciki sai matarsa da ba ta da lafiya. A daren farko, in ji Gwaggo, Kaka ya ciro bindigar, lokacin da sauran harsasai huɗu a tare da ita. Kafinta ya riƙe masa hannu. Ya ce masa, Kofur, in ka harba ɗaya ka kashe mutum ɗaya, su kuma za su ƙone gidan nan da 'ya'yanka da nawa. Kaka ya daɗe yana kallonsa, sannan ya zare harsasan ya ba shi, shi kuma ya jefa su a masai.

Ranar tafiya ba a isa a hau jirgi da ita ba, don ana bincike. Kaka ya bar wa kafinta akwatin, kuma bai ɓoye masa abin da ke ciki ba. Da yaƙi ya ɓarke, sojojin tarayya suka shiga Inugu a watan Oktoban 1967, kafinta ya gudu ƙauyensu da iyalinsa, ya ɗauki akwatin wani a ka ya bar nasa kayan. Ya haƙa rami a bayan ɗaki ya binne. Da sojan Biyafara ne ya tono shi, da an ce maci amana ne mai ajiye kayan Hausawa. Da na tarayya ne, da an ce ɗan tawaye ne mai makami. Ta ko'ina mutuwa ce. A 1971 da iyalinmu suka dawo, ya kawo akwatin har gida, kwaɗon da Kaka ya sa shi ne a jiki. Ƙanin nasa na Kano kuwa bai dawo ba.

Gwaggo ta juya ta dubi Baffa. "To gaya mini, tun daga Garwa har yau, ran wa ta taɓa tsarewa a gidan nan? Ita ke gadinmu ko mu ke gadinta? Baba ya yi gadinta, bawan Allahn nan ya sa wuyansa ya yi gadinta, yayanka ya kwana a kanta shekara arba'in da biyar bai taɓa barci da ƙofa a buɗe ba. Yanzu kuma so kake ka ɗora wa jikoki? Abin da ya fitar da mu daga garin nan da rai yana can Udi a kabari. In gadon Baba kake nema, can za ka."

Baffa bai amsa ba. Ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma. Da aka kira la'asar ya tashi, ya tsaya a kaina ya ce, "Malam, ka yi abin da ya dace. Amma a ba ni hular."

Ba mu ɗauke ta mun nufi caji ofis kai tsaye ba, kuma ina roƙon duk wanda ya tsinci kansa a irin wannan hali kada ya yi haka, don tsautsayi na iya gamuwa da mutum a hanya. Lauya ne ya fara rubuta takarda, Sarkin Hausawanmu ya sa hannu a matsayin shaida, aka kai wa hukumar 'yan sanda, aka sa rana. Su suka zo gida da kansu, cikin farin kaya ba jiniya, suka duba, suka rubuta lambar da ke jikinta, suka ba mu takardar karɓa. Wani dattijo a cikinsu ya juya ta a hannu ya ce bai taɓa ganin irinta ba. A cikin takardar lauya mun roƙi alfarma, in doka ta ba da hali, a miƙa ta ga Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa da ke Umuahia. Na taɓa kai ɗalibai can. Akwai kibau da masu na kakannin kowa, akwai kakin sojan mulkin mallaka irin na Kaka, akwai bam ɗin Ogbunigwe da motocin yaƙin da Biyafara ta ƙera, duk a wuri ɗaya, ba wanda ke tsoron wani. A ƙasar nan, can ne kaɗai akwatin gilashin da na yi mafarki yake da wurin zama.

Da suka tafi na ji wani iri, ba zan yi ƙarya ba, kamar an sake fitar da gawa daga gidan. Da daddare na zauna da abin da ya rage a akwatin. A nan na lura da abin da sha'awar bindiga ta rufe mini ido ban gani ba. A jikin bindigar babu sunan Kaka ko ɗaya, sunan kamfanin Jamus ne da garin Jamus. Amma lambobin yabon nan uku, tauraron 1914-15 da sauran biyun na ƙarshen yaƙi, kowacce an buga lambarsa ta soja da sunansa da sunan rundunar Najeriya a jikinta. Takardar sallamar kuma ta faɗi tsawonsa, da tsagen fuskarsa, da shekarun da ya yi, da shaidar cewa halinsa mai kyau ne. Wata biyu na yi ina karanta tarihin maƙeran Oberndorf da Eibar, ban ba takardar kakana minti goma ba.

Yanzu na sa an manne takardar cikin leda mai kauri, na yi wa kowane gida kwafi. Lambobin suna wurin Gwaggo, hular na Anacha, Alƙur'anin na wurina. Na kuma zaunar da Gwaggo na ɗauki muryarta a waya har kusan awa uku, ta faɗi unguwannin da aka zauna, da sunayen fataken shanu na farko, da yadda aka yi tafiyar jirgi ta Makurɗi da Kafanchan. A watan Yuni ni da Baffa da Auta muka je ƙauyen kafinta. Mun tarar da ɗansa, shi ma ya tsufa, ya nuna mana inda aka binne akwatin, yanzu an shuka rogo a wurin. Baffa ya kai masa rago da buhun albasa. Sun zauna su biyu a kan benci suna Hausa da Igbo a cakuɗe, mu muka ba su wuri.

'Yan'uwa, yawancin tsofaffin gidajen unguwanninmu na nan Gabas tsofaffin sojoji ne da fatake da ma'aikatan jirgin ƙasa suka kafa su. Akwai jikokin waɗanda suka je Kamaru, da Afirka ta Gabas, da Bama. Akwai akwatuna a ƙarƙashin gadaje da yawa. Mai sha'awar tara kayan tarihi, ga abin tarawa nan birjik wanda ba a ɗaure kowa a kansa: takardun sallama, lambobi, hotuna, rasiɗin haraji, wasiƙun ajami, da muryoyin tsofaffinmu tun suna raye. Waɗannan su ne shaidar cewa ba jiya muka zo ba. In kuma ka buɗe naka akwatin ka ci karo da ƙunshi mai maiƙo, kada ka ɗauki hoto, kada ka nuna wa abokai, kada ka hau hanya da shi. Ka nemi lauya da shugabannin unguwa tun rana ba ta faɗi ba.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya saka wa maƙwabtan kirki da alheri a duk inda suke, Ya zaunar da mu lafiya da mutanen da muke zaune a cikinsu. Amin.